Jarrabawar da Ozell Ya Faɗi da Gangan

Duk wanda ya ce maka ƙanena Ozell Brumfield da hannu ya ci abinci, to a talabijin kawai ya san shi. Hannu kam yana da shi, ban musa ba, ƙwallo ko ta ina aka wurgo ta sai ta zauna a tafinsa. Amma masu hannu irin nasa sun yi yawa a nan Mississippi, wasunsu yanzu motar shara suke tuƙawa. Abin da ya fitar da Ozell daga garinmu Pickens Bend ya kai shi cikin ƙwararru, kansa ne.

Tun yana ƙarami in mun dawo daga majami'a ran Lahadi, Mama takan tsayar da shi a kicin ya maimaita mata wa'azin Fasto Culpepper daga farko har ƙarshe, har da wuraren da fasto ya yi tari. Ni Loretha na girme shi nesa ba kusa ba. Ni na rene shi, ni na yi masa wanka, ni na zane shi in ya yi ba daidai ba, don Mama tana kamfanin gyaran tarwaɗa daga asuba har la'asar. Yaya Retha yake ce mini. Duk garin an san ba na barin ko-ta-kwana, shi kaɗai ne ya iya sa ni dariya ina tsakiyar faɗa.

A ƙwallon nan tamu ta hular kwano da karo, aikin Ozell shi ne ya ruga ya cafe ƙwallon da mai jifa ya wurgo. Masu wannan aiki iri biyu ne. Akwai dogaye masu gudun tsiya da ke bin gefen fili, su ne yara ke liƙa hotonsu a bango. Akwai kuma irin su Ozell, gajeru, waɗanda ake turawa tsakiya inda ƙattai ke jira. Idonka na sama kana bin ƙwallo, ba ka ganin wanda ke zuwa, ka dai san yana zuwa, kuma in ka rufe ido ko ka noƙe wuya ka gama aiki a wurin.

Ranar da ƙungiyoyi ke zaɓen sababbin 'yan wasa, mun soya kifi, gida ya cika, aka gama kiran sunaye kaf ba a kira nasa ba. Maƙwabta suka riƙa sulalewa da faranti a hannu, ba wanda ya manta da kifin. Daga baya wata ƙungiya can arewa, inda dusar ƙanƙara ke binne mota, ta kira shi gwaji. Suka ba shi littafin dabarunsu, mai kauri kamar Littafi Mai Tsarki. Ya haddace nasa aikin, ya haddace na kowa, har ya zama in wani ya ɓata wurin tsayuwa Ozell ne ke jan shi da riga. Suka riƙe shi.

Da ya zo hutu bayan kakar wasansa ta farko, ya taho da budurwarsa Tameka da wani abokin wasansa Purvis, ƙato, tsohon hannu, wanda kujerar Mama ta yi ta kuka a ƙarƙashinsa. Muna cin tarwaɗa da burodin masara sai Ozell ya ce, "Mama, kin san ɗan nan naki da kike cika baki da shi, a can dolo ne lamba ɗaya?"

"Wane marar kunya ne ya ce maka dolo?" in ji Mama.

"Kwamfuta. Ni na sa ta faɗa. Purvis, ba su labari."

Purvis ya lashe yatsunsa ya ce, "Ai haka ake yi, Mama. Farkon shekara, kanka lafiya lau, sai su zaunar da kai gaban kwamfuta. Ta nuna maka kalmomi da zane-zane, ta ɓoye, ta ce tuno. Ta ce in ka ga ja danna nan, in ka ga kore danna can. Su ajiye makinka. Ranar da aka buga maka kai a fili, su sake zaunar da kai. In ka kasa kamo makin nan na farko, sai su ce ƙwaƙwalwa ta jijjiga, ba kai ba wasa sai ka warke. To kin ga wanda ya je ranar farko ya nuna shi farfesa ne, ai kansa ya haƙa wa rami. Shi ya sa na ja wannan ɗan ƙauyen gefe na ce, kai, sassauta. Ci rabi, bar rabi. Kar ka faɗi warwas su gane, ka dai zama kamar ni."

"Na sha wuya kafin in sauko inda Purvis yake," in ji Ozell. Ya saki leɓe, ya karkata kai, ya riƙa dungurar tebur da yatsa ɗaya a hankali. Mama ta yi dariya har da hawaye, Tameka ta ƙware da ruwa.

Ni ban ga abin dariya ba. Na ce, "Wato awon da aka yi don a tsare maka kai, shi ka je ka shara wa ƙarya?"

"To fa, Yaya Retha ta fara."

"Ban fara ba tukuna. In na fara kai ma ka san na fara."

"Yaya, ba ki san wurin nan ba. In ka zauna Lahadi ɗaya, wani yaro ya shiga ya cafe biyu, shi ke nan an manta da sunanka. Ni ba wanda ya zaɓe ni. Ta taga na shiga."

"Garin neman gira kuwa za ka rasa ido. Kan nan shi kaɗai Allah ya ba ka, in ka cire shi me ya rage, gajeren mutum mai kunnuwa?"

"Kul, Loretha!" in ji Mama. "Kar ki yi masa mugun baki a kan abinci."

Purvis ya miƙo faranti ya ce ko da sauran kifi. Zancen ya mutu a nan, aka bar ni ni kaɗai ina huci.

Shekaru suka tafi, kuma ba zan yi ƙarya ba, sun yi daɗi. Ozell bai taɓa zama tauraron da duk ƙasa ta sani ba, amma in ƙungiya ta ƙure, saura dama ɗaya, shi mai jifa ke nema da ido. Ya sake wa Mama rufin gida, ya hana ta komawa kamfanin kifi. Ya auri Tameka, suka haifi 'yarsu Nyla. Ran Lahadi Fasto Culpepper da kansa yakan taƙaita wa'azi don kar a fara wasa muna majami'a. Duk farkon shekara Ozell yana zama gaban kwamfutar nan ya yi dolon da ya saba. Duk lokacin da na tayar da zancen sai ya yi kunnen uwar shegu, ko ya ɗaga ni sama cak ya ce na ƙara nauyi. Mama ta ce in ƙyale shi, ba a ƙwace wa yaro garma.

Wata shekara a watan Disamba ya aiko mini da tikitin jirgi, wai sai na zo na gan shi da idona ko na daina rena aikinsa. Na je. Aka zaunar da ni cikin matan 'yan wasa, sanyi yana cin ƙashina, ina ta zagin garin a zuci. Bayan hutun rabin lokaci aka tura shi tsakiya. Ya yi tsalle, ya cafe, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba wani ƙato ya same shi kai da kai. Har inda nake na ji ƙarar, kamar an saki tukunyar ƙarfe a kan siminti. Bai saki ƙwallon ba. Ya ɗan jima a kwance, ya miƙe, ya miƙa wa alƙalin wasa ƙwallo, sannan ya tafi tiryan-tiryan ya shiga da'irar da abokan gaba suka yi suna shawara, ya dafa kafaɗarsu yana jiran umarni kamar ɗan ƙungiyarsu. Jama'a suka fashe da dariya. Aka zo aka kama hannunsa aka fita da shi.

Na fasa komawa gida, na zauna da su. Da rana tsaka labule a rufe, ya ce haske na sukar idonsa. In Nyla ta yar da cokali sai ya dafe kai. Ya tambaye ni yaushe na iso, na faɗa masa, kafin shayina ya huce ya sake tambayata. Tameka tana ta kai da kawo tana cewa, "Haka yake yi, Yaya, kwana biyu ne zai ware." Kalmar nan "haka yake yi" ita ta fi tsorata ni, don ta nuna ba wannan ne na farko ba.

Ran Laraba Tameka ta kai shi ya zauna gaban kwamfutar. Ya dawo yana tafa hannu tun daga ƙofa. "Na ci! Lahadi ina fili!" Tameka ta sauke ajiyar zuciya ta shiga kicin. Da la'asar na nemi Ozell ban gan shi ba, sai na same shi a gareji, zaune cikin mota, bai tayar da ita ba, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Na buɗe ɗaya ƙofar na shiga.

"Ina za ka?"

"Ba ko'ina." Can ya ce, "Yaya Retha, wannan karon ban sassauta ba."

"Ban gane ba."

"Iya ƙarfina na sa. Na ce yau kam sai na yi da gaske, kar in faɗo ƙasa da makin nan. Na yi gumi har rigata ta jiƙe. Kalmomin nan ina kallonsu, ina cewa su tsaya, suna zamewa. Da aka fito da maki, daidai yake da na dolon nan. Har likita ya dafa ni ya ce, barka, ka dawo yadda kake."

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, har yau kuwa. Na ce, "Gobe da safe za ka koma ka faɗa masa abin da ka faɗa mini."

"In ce masa me? In ce shekara da shekaru ina yi musu ƙarya?"

"Ƙwarai kuwa. Da wane baki ka yi ƙaryar? Da shi za ka gyara."

"Wasan Lahadi in muka ci mun shiga zagayen ƙarshe. Yarjejeniyata bana take ƙarewa. Akwai wani yaro da suka ɗauko daga Texas, tun watan Agusta yake kallon takalmina kamar kare ya ga ƙashi. Ki bari a gama kakar nan, in huta."

"In ba ka faɗa ba, ni zan faɗa."

Ya juyo ya kalle ni. Ido ɗaya ya fi ɗaya ja. Ya ce, "Yayata na faɗa wa, ba 'yar sanda ba. In kika yi haka, ba ni ba ke."

"Ka daɗe ba ka ce ba."

Na ɗauka barazana ce irin wadda yake yi tun yana yaro in na hana shi fita. Da safe, bayan ya tafi atisaye, na hau tasi na bi shi har filin ƙungiyarsu. Mai gadi ya ce ba a shiga. Na ce masa ni na wanke wa ɗan wasan da ke cikin hoton bayansa kashi, in bai kira mini likita ba zan tsaya a nan in yi ta ihu har 'yan jarida su zo. Ya duba fuskata ya ga ba wasa, ya ɗaga waya.

Likitan mutum ne mai ladabi, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya zaunar da ni, ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya aika a kira Ozell. Ya shigo da kayan atisaye yana murmushi har kunne, ya rungume ni, ya matse ni sai da haƙarƙarina ya amsa.

"Likita, ka yi haƙuri da yayata," in ji shi. "Ita so ta yi in zama fasto. Tun ina makarantar firamare take ƙoƙarin cire mini hular nan."

"Ta ce da gangan kake rage makinka a farkon shekara. Gaskiya ne?"

"Haba likita, kalle ni da kyau. Na yi maka kama da mai irin wannan wayon?"

"Ciwon kai fa? Haske? Mantuwa?"

"Ciwon kaina ɗaya ne, ga ta nan zaune."

Likita bai yi dariya ba. Ya haska masa ido, ya sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya sa shi ya lissafa watanni daga baya zuwa gaba. Ozell ya yi, a hankali, gumi yana tsattsafo masa a goshi, amma ya yi. Likita ya juyo ya ce, "Madam, na ji ki, kuma ban ce ƙarya kike yi ba. Amma duk abin da nake iya aunawa ya ce lafiyarsa lau, shi ma ya ce lafiyarsa lau. Zan sa masa ido."

A waje Ozell bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga. Cewa kawai ya yi, "Tameka za ta kai ki filin jirgi." Ya juya ya koma ciki.

A falon Mama na kalli wasan Lahadin. Tun da ya fara ƙwallo bai taɓa yin wasa irin na ranar ba. Duk abin da aka wurgo ya cafe. Ana dab da tashi ya kutsa tsakiya, ya cafe wadda ta ba su nasara, mutum biyu suka haɗu a kansa kamar an rufe ƙofa da ƙarfi. Ya tashi yana layi, abokansa suka ɗaga shi sama. Duk Pickens Bend aka fito ana danna hon. Wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga ta ce, "Loretha, ashe da kin hana mu wannan!" Labari ya riga ni isowa gida. Na ce mata ta cire kanta daga tagar uwata kafin in cire mata shi.

Mutanen ƙungiya ba su manta da zuwana ba. Abokan wasa suka riƙa tsokanarsa, wai yayarka ta zo ɗaukarka daga makaranta. Manya kuwa ba su ce komai ba, sai da kakar wasa ta ƙare suka ce sun gode, suka ba yaron Texas wurinsa. Ba mai son ɗan wasan da danginsa ke cewa kansa ya taɓu. Ozell ya koma yawo, bana wannan ƙungiya, baɗi waccan, kullum shi ne baƙon da ake turawa inda 'yan gida ba sa son zuwa. Ya ƙara shekaru yana shan karo kafin waya ta daina ƙara gaba ɗaya. A lissafinsa, ni na jawo masa duk wannan. Ni kuma har gobe ban ce na yi laifi ba. Abin da ke cin raina shi ne na rasa ƙanena kuma ban ceci kansa ba, na yi biyu babu.

Ya cika alkawarinsa. In na kira ba ya ɗagawa. In ya zo gaida Mama, sai ya tabbatar ina wurin aiki. Duk Kirsimeti ina gasa kek ɗin dankalin da yake so in aika, Tameka ta kira a ɓoye ta ce Nyla ta gode. Mama ta yi kuka, ta yi faɗa, ta sa Fasto Culpepper a tsakani, duk a banza. Cewa yake yi, "Ni ban manta ba. Na san rigar da ta sa ranar, na san kujerar da ta zauna." Da Mama ta rasu, a majami'a ya zauna can ɗaya gefen. A bakin kabari na miƙa masa hannu, ya karɓa ya saki kamar yadda ya yi wa mai tuƙa motar gawa.

Mutane suna ganina da baki suna zaton ba ni da zuciya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na yi shekaru addu'ata ɗaya ce, safe da yamma: Ya Ubangiji, ka cire masa wannan abu daga ransa. Ban roƙi ya ce na yi daidai ba, ya dai kira ni Yaya Retha ko sau ɗaya kafin a binne ɗayanmu.

Bayan rasuwar Mama labarinsu ya yi mini nisa. Sun koma bayan garin Memphis. Na ji an ce ya buɗe wurin motsa jiki ya rufe. Na ji an ce ya fara koyar da yara a wata makaranta ya bari. Na ji an ce ba ya tuƙi yanzu. Kowa ya ba ni guntu, ba mai ba ni cikakke. Sai bara, wata Asabar da hantsi, Tameka ta kira ni, ba a ɓoye ba, ina jin talabijin a bayanta.

"Yaya, ki zo."

"Shi ya ce in zo?"

"Ki zo kawai. Tun jiya yake tambayarki."

Na zauna a bakin gado na yi kuka kamar yarinya. Na sa rigar majami'a, na tuƙa mota har Memphis ina rera waƙar yabo da muryar nan tawa da ko a ƙungiyar mawaƙa an ƙi karɓa.

Nyla ce ta buɗe mini ƙofa, ta zama budurwa, ta fi ni tsawo. Ta ce, "Anti," ta rungume ni. Tameka ta rame, furfura ta fito mata a gaban goshi. Na so in tsaya mu gaisa, ta nuna mini bayan gida da hannu. Yana zaune a baranda cikin inuwa, ya yi ƙiba, gemu ya yi fari, bai fi 'yan shekaru da haura arba'in ba. Da ya gan ni sai fuskarsa ta washe gaba ɗaya. Ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Yaya Retha! Ina kika shige haka? Ke ba ki neman mutane?" Ya rungume ni, ya yi ƙoƙarin ɗaga ni ya kasa. "Kai! Wa ke ciyar da ke?"

"Uban wa ya ce ka taɓa ni?" na ce, hawaye na zuba. Muka zauna. Ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya tambayi hanya, ya tambayi kifin kogi ko yana kamuwa bana. Na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ƙirji. Na ce a raina, Allah ya ji ni.

Amma ni ba na iya barin magana a rufe. Na ce, "Ozell, zancen likitan nan. Ban zo in ce na yi daidai ko ban yi ba. Na dai gode da ka yafe."

"Wane likita? Ba ki da lafiya ne?"

"Likitan ƙungiyarku. Ranar da na je."

"Kin taɓa zuwa can? Ai da kin faɗa mini, da na sa an ba ki kujera mai kyau."

Na kalli ƙofa. Tameka tana tsaye a bayan ragar ƙofa, ta rufe baki da hannu. A nan na gane abin da ta kasa faɗa mini a waya.

Raina ya tashi, ban san da wa nake faɗa ba. Na fizge hannuna na ce, "Kalle ni, Ozell. A cikin mota ka gaya mini asirinka, a gareji. Ka ce in na faɗa ba kai ba ni. Washegari na hau tasi na je na tona maka asiri a gaban likita. Saboda ni suka kore ka. Saboda ni ka yi ta yawo kamar marar gida. Ka yi shekaru ba ka yi mini magana ba, ko a jana'izar Mama. Rigar da na sa ranar, wace iri ce? Faɗa mini! Kai ka ce ka sani!"

"Yaya, don Allah," in ji Tameka daga ƙofa.

Ya tsura mini ido, goshinsa ya tattare, leɓensa yana motsi. Na ga yana nema da gaske, iya ƙarfinsa. Na riƙe numfashi ina jira fushin nan ya dawo, ya miƙe ya nuna mini hanya ya ce in fita daga gidansa. Na rantse da Allah, da ya yi haka da na fita ina rawa. Shekarun da na yi ina roƙon a cire masa abin daga ransa, ban taɓa tunanin ta inda za a cire ba. Da za a ba ni zaɓi a lokacin, da na mayar da shi cikin ƙiyayyarsa, ya ƙi ni har in mutu, kansa dai cikakke.

Goshin ya sake. Ya yi dariya, ya sake kamo hannuna ya sa tsakanin nasa biyu, yana bubbugawa a hankali kamar mai lallashin yaro.

"Ke dai da wasa," in ji shi. "Yaya Retha ba za ta taɓa yi mini haka ba."